Tambaya da Amsa: Yadda Za a Ɗauko Kwamfuta da Batir a But Ɗin Mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Kabuga. Na sayi kwamfutar tebur ta hannu da firinta a Beirut Road, an gwada mini su lafiya ƙalau, na zuba a but na taho. Da na kunna a shago, kwamfutar sai wani ƙara take yi ƙas-ƙas, ta ƙi shiga Windows, firintar kuma tana fito da takarda duk baƙi. Cutata aka yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Kafin ka koma ka ɗaga wa mai shago murya, tuna yadda ka ajiye kayan nan. Idan zube su ka yi a but babu abin da ya tokare su, to a hanya suka lalace. Duk birkin da ka taka, kayan gaba suke zuwa su doki bayan kujera. Duk kwanar da ka sha, gefe suke tafiya. Daga Beirut Road zuwa Kabuga kuwa, da cunkoso da 'yan Adaidaita Sahu masu tsayawa babu sigina, ka san birkin da aka taka ba kaɗan ba ne.

Wannan ƙas-ƙas ɗin yawanci daga ma'ajiyar bayanai yake fitowa, wato had dis. A cikinta akwai faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani siririn hannu da ke karatu a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Idan kwamfuta a kashe take, hannun yana komawa gefe ya fake, shi ya sa take jure ɗan girgiza. Amma bugu mai ƙarfi yana iya gurɗa shi. Ka sa mai gyara ya fara duba wayoyin ciki da RAM, wato ɗan allon ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ko sun saki, don girgiza tana kwance su. In ƙarar ta ci gaba, ka daina kunnawa, ka sa sabuwar irin ma'ajiyar bayanai da ake kira SSD a madadin had dis ɗin. Ita babu abin da ke motsi a cikinta, kuma za ka ga saurin kwamfutar ya canza.

Firintar da sauƙi. Tona, wato tawadar firinta, gari ce mai laushi, an karkata firintar ta zube a ciki. Ciro katirij ɗin, wato mazubin tonar, ka goge da busasshen ƙyalle. Kada ka sa ruwan zafi, domin zafi ne ke narkar da tona ya manne ta.

Gaba idan za ka ɗauko irin waɗannan kaya, fara kwashe tarkacen but: jak, sifana, jarkar mai. Shimfiɗa roba ko tsohuwar darduma, don kwali a kan kafet ɗin mota zamewa yake yi. Abin da ya fi nauyi shi za ka jingina da bayan kujera, ya manne sosai, ta yadda in ka taka birki babu inda za shi. Akwatin kwamfutar ka kwantar da shi ta gefen da allon cikinsa zai kasance a ƙasa, kada fanka da sauran abubuwan da ke maƙale su riƙa lilo. Firinta a zaune take tafiya, katirij ɗinta a leda daban. Sai babban aikin da mutane ke rainawa: cike gibi. Duk sararin da ya rage tsakanin kaya ka cusa soso, matashi ko naɗaɗɗen bargo. Idan but ɗinka yana da ƙugiyoyi a kusurwa, ɗaure da igiyar roba irin ta masu dako. Sannan ka sa hannu ka tura kayan gaba, baya da gefe. In sun motsa a hannunka, za su motsa a titi. Allon kallon kuwa ni ba na sa shi a but ko kaɗan. A tsaye nake so a sa shi bayan kujerar direba, fuskarsa a naɗe da bargo.

TAMBAYA: Malam, zan kai batirin sola mai ruwa guda biyu gidanmu a Rijiyar Zaki. Ba sa shiga but sai a kwance. Ko babu matsala tunda tafiyar ba nisa?

AMSA: Akwai matsala, Hajiya, kada ki yarda a kwantar da su ko na minti biyar ne. Ruwan da ke ciki asid ne, ta murafun sama zai tsiyayo, ya ci kafet da ƙarfen motar, ya ƙona hannun mai saukewa. Ga nauyi: batir mai amfiya 200 irin wannan yana kai kilo 60, biyu ke nan sun kai nauyin babban mutum da rabi suna yawo a bayanki. In ba su tsaya a but ba, ki ɗauki a-kori-kura, a tsayar da su, a ɗaure. A rufe kawunansu da salatif ko kwali, domin sifana ɗaya ta haɗa kan biyu tartsatsi ne da gobara.

TAMBAYA: Ina barin laftof da fawa bank a but idan na shiga kasuwar Farm Centre, saboda ɓarayi. Ya halatta a fasahance?

AMSA: Na fahimci tsoron, amma a watan Afrilu zafin Kano yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota a rana kuma ya fi haka nesa. Batirin litiyam zafi yana rage masa kwana, yana kumbura shi. Ka rataya jakarka ka shiga da ita. In dole ce ta sa ka bari, kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba, ka nemi inuwa, fawa bank ɗin kuma ka tafi da shi a aljihu.