Filin Tambaya da Amsa: Shin Daba Annoba Ce, Fim Kuma Guba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare a Kano. Duk sanda aka yi faɗan daba ko ƙwacen waya, sai in ji a rediyo ana cewa "annobar daba ta sake ɓarkewa" ko "yaran nan sun zama kuraye", sannan a ce fina-finai da TikTok guba ce da ake ɗura wa matasa. Shin wannan adon harshe ne kawai, ko yana da tasiri a kan yadda ake tunkarar matsalar? Kuma da gaske kallo ne yake mayar da yaro ɗan daba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kike ji shi ne wanda kike koyarwa a aji da sunan siffantawa da dabbantarwa, sai dai idan ya fita daga waƙa ya shiga bakin ɗan jarida ko kwamishina, aikinsa ya wuce ado, domin kowace siffa da aka ba matsala tana zuwa ne ɗauke da nata maganin. Wanda ya ce kuraye sun shigo gari ya riga ya nemi a fito da maharba tun kafin ya faɗa, wanda kuwa ya ce annoba ce ya nemi a binciki inda cutar take tsira.

An gwada wannan a Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarar 2011, inda Paul Thibodeau da Lera Boroditsky suka ba mutane rahoto a kan ƙaruwar laifuka a wani gari da suka ƙirƙira. Alƙaluman iri ɗaya ne, amma a wajen wasu an siffanta laifin da dabbar da ke farautar garin, a wajen wasu kuma da ƙwayar cutar da ta kama shi. Waɗanda suka karanta na dabba sun fi karkata ga kame da ɗauri, na ƙwayar cuta kuma sun fi su ambaton gyaran ilimi da rage talauci. Da aka tambaye su abin da ya ja ra'ayinsu, akasarinsu alƙaluman suka nuna, ba su lura da siffar ba.

Ba na cewa kalmar annoba ba ta da amfani. Wani likita mai suna Gary Slutkin, wanda ya yi shekaru yana yaƙi da tarin fuka da kwalara a Afirka, ya ɗauki wannan siffa da gaske a birnin Cikago a shekarar 2000. Ya lura cewa kisa yana haifar da ramuwa kamar yadda mai cuta yake harbar na kusa da shi, sai ya ɗauki tubabbun 'yan daba aiki, su riƙa zuwa asibiti da gidan makoki suna tausar 'yan'uwan wanda aka kashe kafin su fita ɗaukar fansa. Wanda ya san yadda sara ɗaya a wajen farauta ko hawan salla yake zama gabar shekaru tsakanin unguwanni biyu a Kano, zai gane hikimar abin.

Matsalata da kalmar ita ce annoba ba ta da uban gida. Babu mai ba kwalara kuɗin mota, babu mai saya mata ƙwaya da gariyo, babu mai zuwa caji ofis da daddare ya karɓi belinta. Daba kuwa tana da masu yi mata duk wannan. Tun a shekarun 1950, lokacin da NEPU da NPC suke fafatawa, jam'iyyu suna da 'yan banga, kuma bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 an ga 'yan kalare a Gombe da 'yan sara-suka a Bauci, waɗanda kowa ya san kasuwarsu ta fi ci a lokacin zaɓe. Idan mai labarai ya ce rikici ya "ɓarke", ya mayar da shi kamar ruwan sama, ya kuma hutar da wanda ya raba kuɗin. Dabbantarwa ta fi wannan haɗari, domin wanda aka cire daga sahun mutane jininsa ya yi arha. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai yayin da ake yi musu kisan ƙare dangi, kuma a ƙaramin mataki irin wannan tunani ne yake sa taro ya far wa yaron da aka yi wa ihun ɓarawon waya ba tare da an tsaya bincike ba.

Game da tambayarki ta biyu, siffar guba tana ɗaukar mai kallo tamkar jikin da ba ya iya ƙin abin da aka ɗura masa. Masana harkar sadarwa sun taɓa kwatanta saƙon kafafen watsa labarai da allura, amma tun shekarun 1940 bincike ya fara nuna cewa mutane suna tace abin da suka ji ta hanyar iyali, abokai da malamai. Gaskiya ne cewa Albert Bandura ya nuna a 1961 cewa ƙananan yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana su ma sukan kwaikwaye shi, saboda haka ba a raina koyi. Lafazi, tafiya da aski duk ana ɗaukarsu daga fim. Amma tsakanin kwaikwayon lafazi da soka wa mutum wuƙa akwai tazara mai yawa, wadda zaman banza, shaye-shaye, barin makaranta da majalisar da yaro yake zama suke cikewa. Daba ta girmi masana'antar Kannywood, wadda ta fara a wajajen 1990, da shekaru masu yawa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana fina-finan da suke nuna daba a 2024, kuma ina ganin dalilinta idan fim yana mayar da ɗan daba gwarzo, sai dai hana fim ya fi kama uban gida sauƙi.

Inda na fi yarda da ƙarfin kafafen watsa labarai shi ne wajen tunzurawa a garin da zukata suka riga suka yi zafi. A Kaduna a watan Nuwamba na 2002, rubutu guda a jaridar ThisDay game da gasar sarauniyar kyau ta duniya ya zama sanadin rikicin da ya ci rayuka fiye da 200, a garin da bai gama warkewa daga rikicin shekarar 2000 ba. Haka nan bidiyon da ɗan daba yake ɗorawa yana wasa da makami yana ambaton sunan wata unguwa ba kallo ba ne kawai, saƙon takala ne zuwa ga mutanen da ya sani, kuma sukan amsa.

Tunda kina da aji, Malama, ki gwada kawo wa ɗalibanki labarin faɗan daba guda daga jarida, su ja layi a ƙarƙashin kowace siffantawa, sannan su sake rubuta shi da sunan unguwa, ranar da abin ya faru, wanda ya kai harin, da abin da aka ce ya haɗa su. Duk gurbin da suka kasa cikewa, su rubuta shi a matsayin tambayar da za su aika wa gidan jaridar.