Bututun iska a ƙarƙashin ƙasa zai iya maye gurbin na'urar sanyaya ɗaki?

Tambaya: Ina shirin gina gida. An ba ni shawara in binne bututu a ƙasa, iskar waje ta bi ta ciki ta huce kafin ta shigo ɗakuna. In yi haka in haƙura da sayen na'urar sanyaya ɗaki?

Amsa: Ɗan'uwa, dabarar tana aiki, amma kada ka sa ran sanyin na'ura. A zurfin mita 2 zuwa 3, zafin rana ba ya ratsa ƙasa sosai, ɗuminta kan tsaya kusa da matsakaicin zafin wurin na duk shekara. Daga nan za ka fara lissafi. Inda matsakaicin yake wajen digiri 10 zuwa 12, kamar sassan Jamus da Faransa da suka saba da wannan gini, iska mai digiri 30 kan iso ɗaki da sanyi mai daɗi. Inda kuwa ya kusa digiri 28, ƙasar ma ɗumi gare ta, iyakarta ta rage kaifin zafin tsakar rana.

Akan yi amfani da bututu mai faɗin santimita 20, tsawon mita 30 zuwa 50, da fanka mai jan iska a hankali. In iskar ta yi gudu, ba ta samun damar hucewa. Laka mai danshi ta fi busasshen yashi ɗauke zafi.

Ni ruwa ne ya fi damuna. Iska mai laima in ta taɓa cikin bututu mai sanyi sai ta yi raɓa, ruwa ya kwanta, fumfuna ta tsiro, kuma ita iyalinka za su shaƙa dare da rana. Don haka nemi bututu mai santsi a ciki, a ɗan karkata shi kamar kashi 2 cikin 100 zuwa ramin da ruwan zai tsiyaye. A liƙe mahaɗansa da kyau saboda radon, gas mai illa ga huhu da ke fitowa daga ƙasa. A bakinsa a sa raga da matata. Magini da bai ambaci ɗaya daga cikin waɗannan ba, nemi wani.

Tambaya: Ni gidana ginanne ne. Zan iya ƙara shi yanzu?

Amsa: 'Yar'uwa, za ki iya, sai dai haƙan ne ke cin kuɗi, kuma ya fi sauƙi lokacin da ake haƙa harsashin gini. Da ni ce ke, zan fara da sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi da yi wa tagogi inuwa.