Dutsen da Ake Dafawa: Amsoshi kan Kalmomin Ƙasa da Duwatsu

Wasiƙun da suka iso mini a wannan karon sun taru a kan ƙasar da muke takawa da abin da ke ƙarƙashinta. Akasarinsu daga ɗalibai suka fito, waɗanda suka fara karatun ilimin duwatsu da Turanci a makaranta, suka dawo gida suna neman sunayen abubuwan a bakin iyayensu. Na ji daɗin hakan ƙwarai, domin fage ne da Hausa take da jari a cikinsa fiye da yadda ake zato.

Tambaya: Wani ɗalibin sakandare daga Gusau ya ce an koya musu cewa duwatsu iri uku ne, amma shi a Hausa kalma ɗaya ya sani, domin abin da ake niƙa a kansa dutse ne, Kwatarkwashi ma dutse ne. Yana tambaya ko harshen ne ya gaza.

Amsa: Ɗana, harshen bai gaza ba, ma'aunin ne ya bambanta. Bahaushe ya raba duwatsu bisa girmansu da siffarsu da aikin da suke yi masa. Ƙanana da ake tsincewa daga cikin shinkafa, ko a cakuɗa da siminti, tsakuwa ne. Shimfiɗaɗɗe mai faɗi wanda mata ke shanya hatsi a kansa falalen dutse ne. Wanda ya miƙe sama har sai an hau shi tsauni ne, kodayake a nan ma ana cewa dutse, kamar Dutsen Dala da Dutsen Kufena. Tudu kuwa ba lalle ne a sami dutse a cikinsa ba, wuri ne da ya ɗara na kewaye da shi bisa, kishiyar kwari. Akwai kuma ƙanƙara, wadda ake bugawa da ƙyastu a sami wuta kafin zuwan ashana. Su kuwa masana ilimin ƙasa abin da suke tambaya shi ne ta yadda dutsen ya samu, kuma daga amsar wannan tambaya ne iri ukun nan suka fito.

Na farko shi ne wanda asalinsa narkakken dutse ne da ya huce ya daskare. Idan a can cikin ƙasa ya huce, a hankali cikin dogon zamani, ƙwayoyinsa sukan sami sararin girma har ido ya iya ganinsu, wannan shi ake kira giranit. Ka je wurin masu fasa dutse ka ɗauki sabon ɓari ka duba shi a rana, za ka ga ƙwayoyi iri uku a manne da juna: wasu farare ko masu ɗan jaja-jaja, wasu garai-garai kamar fasasshiyar kwalba, wasu kuma baƙaƙe masu ƙyalli da ake iya ɓanɓarewa da farce. Ka riƙe waɗannan ukun a zuciyarka, za mu komo kansu. Yawancin tsaunukan nan masu santsin baya na ƙasar Zazzau da Zamfara irin wannan ne, kuma masana sun auna shekarunsu wajen miliyan 600. Na Jos, waɗanda kuza ke fitowa daga jikinsu, yara ne a kansu, ba su kai miliyan 200 ba.

Na biyu ni nakan kira shi dutsen shimfiɗa, domin yashi ne da laka da ɓawon halittun ruwa suka kwanta hawa-hawa, nauyin na sama ya danne na ƙasa har suka ƙame. Ƙasar Sakkwato a kan irinsa take zaune. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, da ɗan'uwansa na Malbaza a Jamhuriyar Nijar, cike suke da ɓawon halittun teku, shaidar cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wurin da a yau ake noman gero. A cikin irin wannan dutse ne ake samun ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, kamar waɗanda aka tono a Gadufawa cikin hamadar Tenere. Na uku rikiɗaɗɗen dutse ne, wato ɗaya daga cikin biyun farko wanda zafi da matsi suka sauya masa kama ba tare da ya narke ba, kuma sau da yawa za ka gan shi da zane-zanen fari da baƙi a jere kamar saƙi.

Tambaya: Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce ɗalibanta sun tsare ta a kan karin maganar nan, “Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.” Sun ce ai dutse ba ya dahuwa, don haka maganar ƙarya ce. Ta kuma nemi ma'anar kalmar marmara.

Amsa: Malama, ki gaya musu karin magana ba a auna ta da ma'aunin labari. An zaɓi dutse ne saboda shi ne abu mafi taurin da mai girki ta sani, aka ɗora shi a kan murhu domin a nuna cewa juriya tana kai mutum inda gaggawa ba ta kai shi. 'Yar'uwarta ita ce, “Abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa.” Sai dai abin da ya ƙayatar da ni shi ne, ko da ma'aunin yaran aka bi, maganganun biyu ba su faɗi ba.

Dutse yana narkewa idan zafi ya kai tsakanin digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan narkakken ne yake fitowa daga dutse mai aman wuta, kamar yadda Dutsen Kamaru ya yi a 1999 da 2000. A Najeriya ma akwai matattun bakunan aman wuta a Panyam ta jihar Filato da kuma tudun Biyu a Borno. Wannan dahuwar ruwan zafi ke nan. Ta ruwan sanyi ta fi shafarmu, domin a gabanmu ake yin ta kullum. Na taɓa tsayawa kusa da masu fasa dutse suna hura wuta da itace da tsofaffin tayoyi a kan falale tun da asuba; da rana ta ɗaga sai fuskar dutsen ta yi ƙara ta tsage, suka sa ƙarfe suka ɗaga ta faifai guda kamar ɓawon albasa. Abin da suka yi cikin wuni ɗaya shi zafin rana da sanyin dare suke yi cikin dubban shekaru. Daga nan ruwan sama ya shiga tsagar, ya jiƙa ƙwayoyin nan uku da na ambata wa ɗalibin Gusau. Fararen da masu jaja-jaja sukan ruɓe su zama yumɓu, wanda mai ginin tukwane ke nema. Masu kama da kwalba ba sa ruɓewa, sai dai su warware su zama yashi, ruwa ya kwashe su zuwa rafi. Baƙaƙen kuwa ƙarfe ne a cikinsu, shi ne yake yin tsatsa ya rina ƙasa ta zama jar ƙasa. Idan ɗalibanki suna neman romon dutse, to ga shi nan a gonar ubansu, a kansa dawa take tsira.

Daga nan marmara ta fito. Inda damina da rani suka daɗe suna karɓa-karɓa, ruwa yakan wanke abin da zai iya wankewa ya bar tsatsar ƙarfe ta taru ta dunƙule, ja mai duhu, mai ramuka kamar saƙar zuma. Tana da ɗan laushi idan aka tono ta da danshi, amma da ta sha iska sai ta ƙame. Ita ce hular da ke kan Dala da Goron Dutse a Kano, kuma daga irinta maƙeran dā suka riƙa tsamo tama suna narkawa su fitar da ƙarfe, tun ƙarnoni kafin a yi ganuwar birnin. Tsakuwarta ce burjin da ake zubawa a hanya. Ina ja wa masu fassara kunne a nan: wasu sukan kira farin dutsen nan mai sheƙi da ake shimfiɗawa a manyan masallatai marmara, saboda kalmar ta yi kama da marmar ta Larabci. Wancan rikiɗaɗɗen farin dutse ne, ba shi da dangantaka da marmarar mai haƙar rijiya, kuma idan aka haɗa su a littafin makaranta yaro zai ruɗe.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Zinder yana son sanin ko kanwa dutse ce ko gishiri, da dalilin da ya sa ake ce wa mutum “kanwa uwar gami.”

Amsa: Kanwa ma'adini ce daga dangin gishiri. Kalmar ma'adini daga Larabci muka aro ta, kuma ta ƙunshi duk abin da ake haƙowa daga ƙasa don amfani, irin su zinariya da kuza da tama da kwal. Kanwa tana samuwa a kwarin da ruwa ke taruwa ba shi da mafita; rana ta shanye ruwan, abin da ya narke a cikinsa ya rage a ƙasa ya yi ɓawo. Haka take fitowa a ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi, inda kanwar ungurnu ta yi suna, haka kuma gishirin Bilma yake samuwa. Turawa sun saba kiranta fotash, amma wannan kuskure ne da ya bi baki, domin sinadarin da ya fi yawa a cikinta na sodiyam ne, ba na fotasiyam ba. Gami shi ne haɗa abu da abu. Kanwa ba a cinta ita kaɗai, amma tana shiga miyar kuɓewa ta ƙara mata yauƙi, ta shiga wake ta sa ya yi saurin nuna, ta shiga kunu ta kashe tsami. Saboda wannan shige-shige nata ne aka ba mai shiga tsakanin mutane yana haɗa su faɗa sunanta.

Tun da muna kan ma'adinai, tozalin gargajiya mai ƙyalli sau da yawa dutsen dalma ne, kuma dalma guba ce, musamman ga yara. Ita ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, lokacin da aka riƙa niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da ita a cikin gidaje. Ina roƙon iyaye mata su daina sa wa jarirai tozalin da ba su san asalinsa ba.

Tambaya: Wani matashi daga wajen Funtuwa ya ce ana cewa “Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba,” amma su sun tona gaba goma sha biyu suka ci karo da dutse, alhali maƙwabcinsu ya sami ruwa a gaba bakwai.

Amsa: Ma'anar maganar ita ce arziki yana nan a ɓoye, wanda bai motsa ba shi ne yake cewa babu. Ba ta yi alkawarin cewa kowane rami zai ba da ruwa ba. Ruwan ƙasa ba kogi ne da ke gudu a ƙarƙashinmu ba, yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da cikin tsagogin dutse, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Ka dubi tulin ƙasar da aka fitar daga rijiyarku, za ka karanta labarin daga sama zuwa ƙasa: turɓaya, jar ƙasa, marmara, sannan wani ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu yana ƙyalƙyali, daga ƙarshe tsantsar dutsen da diga ke tartsatsi a kansa. A ƙasarku ruwan yana cikin wannan ruɓaɓɓen ne, kuma kaurinsa ba ɗaya ba ne ko a cikin unguwa guda. Inda ya yi kauri a sami ruwa, inda tsantsar dutsen ya taso kusa a tashi a tutar babu. Shi ya sa masu haƙa rijiyar burtsatse suke fara auna ƙasa da na'urar lantarki suna neman tsaga. A Borno lamarin daban ne, domin can shimfiɗun yashi ne masu ruwa a matse tsakanin shimfiɗun yumɓu, har akwai wuraren da aka huda ruwan ya taso da kansa ba tare da famfo ba.

Tambaya: Wata ɗaliba daga Katsina ta ce kakarta tana da wani ɗan baƙin dutse mai santsi da kaifi a baki ɗaya, tana kiransa gatarin aradu, wai tsawa ce ta jefo shi.

Amsa: 'Yata, sunan daidai ne a Hausa, amma hannun mutum ne ya sassaƙa shi ya goge shi, a zamanin da ba a san ƙarfe ba. Ana yawan tsintarsa bayan ruwa mai ƙarfi saboda zaizayar ƙasa ta tone shi, daga nan aka danganta shi da aradu. Ki roƙi kaka ta adana shi da kyau, domin kayan tarihi ne. Amma dutse yana faɗowa daga sama da gaske, kuma a ƙasarku ma an yi. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami a ƙasar Katsina, sai ya ji ƙara mai firgitarwa, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa. Da masana suka bincika, sai suka tabbatar daga duniyar Mirrihi, wato Mars, ya taso, kuma narkakken dutse ne da ya huce, wato iri na farko a cikin ukun da aka koya wa ɗan'uwanki na Gusau. Har yau da sunan Zagami ake kiran gutsattsarinsa a ɗakunan bincike na duniya.