Amsar tambayar da ka yi mini a bakin shago

Ɗana, jiya muna jan ƙofar shago ka tare ni da tambaya, ni kuma hankalina na kan in sami trotro zuwa Aboabo kafin Kejetia ta cushe, sai na ce maka sai gobe. Ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce, shi ya sa na zauna bayan isha'i na rubuta maka. Ka ce: "Masta, wata takwas ke nan ina nan, kullum HTML da CSS da gyaran tsofaffin shafukan intanet na mutane. Abokaina suna kan React, ga shi kuma ChatGPT na rubuta kod kafin a ƙifta ido. Me zan kama don kada a bar ni a baya? Anya sana'ar nan za ta ƙara shekara goma?"

Ba ka taɓa jin labarina da Flash, manhajar sa motsi da sauti a shafin intanet, ba, don ba na son ba da shi. Wajen 2005, lokacin da sai an biya kuɗin awa a kafe kafin a taɓa intanet, duk shafin da ke ƙayatar da mutane da Flash aka yi shi. Suna na yawo, hoto na juyawa, kiɗa na tashi da kansa. Na zuba shekara kusan biyar a kanta. Na kwana a kafe ba sau ɗaya ba, don kuɗin dare ya fi sauƙi. Har ta kai masu otal da masu makarantu a Kumasi suna aiko a kira ni, ni kuma ina jin na gama koyo. A 2007 iPhone ta fito ba ta buɗe Flash, na ce mu ina ruwanmu, wa ke riƙe da iPhone a Asawase? A Afrilun 2010 Steve Jobs ya fito ya rubuta dalilansa na ƙin ta, na ce rigimar manya ce. Sannu a hankali wayoyi suka cika gari, masu shafuka suka fara kira suna cewa shafinsu ba ya buɗewa a waya. Ranar 31 ga Disamba 2020 aka yi mata jana'iza a hukumance, amma a wurina ta daɗe da mutuwa. Ba na ɗora wa kowa laifi. An yi ta buga ganga, ni ne na toshe kunne.

Abin da nake so ka lura da shi a labarin shi ne wanda ya tashi da wanda bai tashi ba. Mu da yawa muka faɗi tare. Waɗanda suka san Flash ta wajen danna nan, ja can, sun koma sayar da waya da caja, kuma ba abin kunya ba ne, sai dai sun bar sana'ar. Ni abin da ya cece ni shi ne na wahala da ActionScript, harshen da ke cikinta, wanda ɗan'uwan JavaScript ne na jini. Da gidan ya rushe sai na tarar harsashin na nan: yadda ake ajiye bayani, yadda ake maimaita umarni, yadda ake jiran mutum ya danna kafin abu ya faru. Wata uku na yi ina lalube, na miƙe.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fita ne, wato makaniki, a Suame Magazine, unguwar makanikai a nan Kumasi. A gabana motoci suka tashi daga kafireto suka koma injekta, daga baya aka zo da masu ƙwaƙwalwa waɗanda sai an jona musu na'ura kafin su faɗi ciwonsu. Akwai mastocin da suka haddace wane noti ake juyawa a Fijo 504, suka rasa ta cewa. Shi kuwa kullum maganarsa ita ce inji mai yake so, da iska, da wuta, da matsi. In mota ta ƙi tashi ɗayansu ne ya yi ƙaranci. Da na'urar ta zo sai ya sa yaransa su karanta masa abin da ta rubuta, shi kuma ya gaya musu ma'anarsa. Aikin da nake sa ka yanzu, wanda kake gani kamar na raina ka, shi ne man da iskar da wutar tamu sana'ar.

Duba shekarun HTML da JavaScript da CSS, harsunan da ake gina shafin intanet da su. Shafin HTML na farko da Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1991 har yau burauzarka za ta buɗe shi. JavaScript ta zo a 1995, CSS a 1996. Duk abin da abokanka ke rubutawa da React, kayan aikin da aka gina a kan JavaScript, a ƙarshe waɗannan ukun yake komawa kafin waya ta nuna shi. Sannan duba abin da aka gina a kansu. AngularJS ta fito a 2010, duniya ta ruɗe, a 2016 aka sake ta daga tushe har wanda ya ƙware a tsohuwar ya koma ɗan koyo, a ƙarshen 2021 aka daina kula da tsohuwar gaba ɗaya. jQuery kuwa, ta 2006, wadda yara ke yi wa dariya, har yanzu tana cikin fiye da rabin shafukan duniya. WordPress ta 2003 tana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100. Wa zai gyara waɗannan in sun lalace? Da tsohuwar zuma ake magani, kuma rabin abin da ke shigowa shagon nan daga gyara yake zuwa.

React ba laifi gare ta. Tun 2013 Facebook ta sake ta, ta kuma zauna da gindinta, kuma in kana neman aiki a kamfanonin Accra za a tambaye ka ita. Za ka koya, a shagon nan. Amma yaron da ya fara da ita bai san abin da take ɓoye masa ba, ran da ta yi gardama ba shi da inda zai leƙa. Na ga irinsu. Sun zo neman aiki da shafi mai kyau a laftof, na ce su buɗe shi a itel ɗina da ragowar data, muka zauna muna kallon farin sikirin.

Wannan ya kawo ni kan wanda ke biyanmu. Mai kanti ne a Adum, da mai kemis, da shugaban Islamiyya mai son iyaye su biya kuɗin makaranta ba tare da sun zo layi ba. Ba wanda ya taɓa tambayata da me na gina shafinsa. Tambayarsu ɗaya ce: kuɗin ya shigo? Tun da MTN ta kawo MoMo, tura kuɗi ta waya, a 2009, aka kuma haɗa layukan kamfanoni su riƙa tura wa juna kuɗi a 2018, aikinmu a Ghana ya koma aikin kuɗi. Canjin da ya fi girgiza ni a shekarun nan ma ba daga Amurka ya zo ba. Da aka fara cire E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, a Mayun 2022, kashi 1.5 cikin 100, mutane suka ja baya da biya ta waya, masu kantuna suka yi ta kira in saka musu wurin biya in kaya sun iso. A farkon 2023 aka rage shi zuwa kashi 1, aka kuma ɗaga VAT daga 12.5 zuwa 15, duk rasidin da shafukanmu ke fitarwa sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A Afrilun 2025 aka soke E-levy ɗin. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ƙasa ta yi kwanaki tana rarrafe, shafuka masu nauyi suka kwanta, masu sauƙi suka ci gaba da numfashi. Don haka in ana maganar tafiya da zamani, jawabin kasafin kuɗi na cikin abin da za ka saurara, ba bidiyon sabon firemwok, wato kayan aiki irin su React, kaɗai ba.

Yanzu ƙirƙirarriyar basira. Ba zan yi maka ƙaryar da na yi wa kaina a kan Flash ba. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022 aikin ya canza, ni ma kullum ina amfani da irinta, kuma abin da ke cin yini yanzu yakan ci awa. Ƙananan ayyukan da ɗan koyo ke samun na koko da ƙosai da su, shafi mai fuska biyar na wata ƙungiya, sun ragu ƙwarai, ƙofar shiga ta ƙara matsewa. Wannan gaskiya ce, kuma ku ta fi shafa, ba mu ba.

Amma ga abin da ya faru kafin ka zo. Wani yaro da ya zauna a kujerar da kake zaune ya sa ta rubuta masa sashen biyan kuɗi na wani mai sayar da atamfa. Kod ɗin tsaf, ya gwada, ya yi aiki. Ashe da zarar burauzar mai saye ta dawo shafin "an biya", sai ya rubuta an biya, bai koma ya tambayi kamfanin da ke karɓar kuɗin ba ko da gaske kuɗi ya shiga. Duk wanda ya gane adireshin wannan shafin zai iya buga shi da hannu, a kai masa kaya kyauta. Sai da wani ya gane. Da mai atamfar ya kira da daddare, ba na'ura ya kira ba, ni ya kira, ni na je har gida na ba da haƙuri, na cike abin da ya ɓata daga aljihuna. Ban kori yaron ba, don ni ne ban duba ba. Daga ranar na kafa dokar da kake gunaguni a kanta: layi ɗaya ba ya shiga aikin mutane sai ka iya yi mini bayaninsa da Hausa. Na zaɓi Hausa da gangan. Da Turanci za ka iya maimaita kalmomin da ka gani ba tare da ka fahimta ba, da Hausa kuwa dole sai ka tauna. Yi amfani da na'urar yadda kake so, ka sa ta bayyana maka abin da ya shige maka duhu, amma kai ne mai sa hannu.

Yadda nake bin sababbin abubuwa ba wani sirri ba ne. Bayan an sauko daga Juma'a ba na karɓar aiki, awa biyu na karatu ne. Na fi karanta bayanin canje-canjen kayan da muke amfani da su a yanzu, da MDN, kundin bayanai na masu gina shafuka, in ina shakkar wani abu na burauza. In sabon abu ya fito ana ta kururuwa, sai in rubuta sunansa a bayan littafi in bar shi shekara guda. Yawancinsu ba sa kai shekarar. Wanda ya kai, ina da ɗan rajistar kuɗin makaranta da na sake ginawa ya fi sau shida, sai in sake shi da sabon, nan take in ga abin da ya sauƙaƙa da abin da ya dagula. Ba a tauna taura biyu, ɗaya nake ɗauka a lokaci guda.

Batun inda za ka ƙare, hanyoyin suna da yawa kuma kowacce da ƙayarta. Google ta buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019. Twitter ta zaɓi Ghana a 2021 don buɗe ofishinta na Afirka, kowa ya yi murna, a Nuwamban 2022 aka sallami kusan duka ma'aikatan ofishin kwanaki kaɗan da buɗe shi. Aikin waje na dala yana da daɗi, musamman a shekara irin 2022 da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13, amma ka tuna mu ma da dala muke biyan hayar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, da sunan shafi, kada ka yanke wa mutum farashin shekara uku a sidi. In Allah ya hore maka shiga jami'ar KNUST, shiga, akwai ƙofofin da takarda ce ke buɗe su. Sannan abu ɗaya da ba za a gaya maka a can ba: yaron Zango da laftof a jaka, kafin ya buɗe baki an riga an ce ɗan sakawa ne, wato ɗan damfarar intanet, kalmar ma daga harshenmu aka ɗauke ta. Ka ajiye aikinka a GitHub, shafin da masu rubuta kod ke ajiye aikinsu, da sunanka, ka ba da rasidi, kalmar sirrin mutane kada ta kwana a wayarka, kuma in wani ya kawo maka kuɗi mai kauri ka kwaikwayi shafin banki, ka nuna masa ƙofa ko da ɗan unguwarku ne.

React sai bayan babbar Sallah, in ka cika sharaɗi ɗaya: ka gina mini kwandon sayayya da JavaScript zalla, wanda ba ya mantuwa in an rufe shafi an dawo. Gobe kuma ka zo da wuri. Mai kemis ɗin nan na Asawase ya ce wasu na biya sau ɗaya, shafin na rubuta sau biyu. Na san inda matsalar take, ba zan gaya maka ba. Ka fara da duba sau nawa saƙon tabbacin biya ke shigowa, ka zo mini da bayani kafin azahar.