Ku Tambayi Malam: Wa Ke Suturta Namu A Landan?

TAMBAYA: Malam, ƙanina ya rasu a Landan watan jiya. Matarsa ta shaida mana cewa wani gida na Musulmi, waɗanda sana'arsu ke nan iyaye da 'ya'ya, su suka ɗauko gawar daga asibiti, suka yi mata wanka da likkafani, suka kai maƙabarta, aka biya su kuɗi masu yawa. Sai da ya kwana huɗu kafin a rufe shi. Kawunmu ya ce wannan cin kuɗin gawa ne, kuma da gida aka kawo shi da ya fi. Abin ya tsaya mini a rai. Shin an yi wa ƙanina sutura ta mutunci kuwa?
Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Hajiya, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Idan yadda kika faɗa haka aka yi, to ki kwantar da hankalinki, ƙaninki ya sami sutura.

Na fahimci Kawu. A Zariya idan mutum ya cika da asuba, kafin hantsi maƙwabta sun cika ƙofar gida. Wannan ya tafi sayo yadin likkafani, tela ya ɗinka bai karɓi ko sisi ba, samari sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, an aiko da makara daga masallaci. Wanda ya tashi a cikin wannan, dole ya ji wani iri idan aka ce an rubuta wa gawa takardar biyan kuɗi. Sai dai a Landan maƙwabcinka na iya zama bai san sunanka ba, kuma ko da ya sani, asibiti ba zai saki gawa ba sai takardu sun cika. A Ingila, tun 9 ga Satumba 2024, duk mutuwar da ba ta shiga hannun jami'in shari'a mai binciken musabbabin mutuwa ba, sai wani likita na daban ya duba abin da likitan mamacin ya rubuta. Daga nan a je a yi rajistar mutuwar, a karɓo wata koriyar takarda wadda sai da ita maƙabarta ke yarda a binne. Idan ajali ya zo daren Juma'a, ofisoshi da yawa sai Litinin. Ina kyautata zaton a nan kwana huɗun nan suka tafi. Annabi (SAW) ya ce a gaggauta jana'iza, kuma masu irin wannan gida da na sani, rabin aikinsu ke nan: bugun waya, bin likita, roƙon magatakarda, don a rage wa mamaci kwana a mutuware.

Bari in ba ki labarin gidan da aka fi sani a wannan fage. A unguwar Whitechapel da ke gabashin Landan, jikin babban masallacin unguwar, akwai gidan jana'iza na Haji Taslim. Wani mutumin Sylhet, yankin da yau ke cikin Bangaladash, mai suna Taslim Ali, shi ya kafa shi a 1960. Matarsa 'yar yankin Wales ce da ta musulunta. A wancan zamani Musulmin gabashin Landan akasarinsu maza ne da suka zo aikin jirgin ruwa da masana'antu, sun baro iyalansu a gida. Idan ɗayansu ya mutu, sau da yawa ba wanda ya san yadda za a yi da shi. Taslim Ali, wanda dama shi ke kula da masallacin, ya ɗauki nauyin abin, kuma bayansa 'ya'ya da jikoki suka ci gaba, har da mata a cikinsu. Ki duba ƙasar da kusan takwas cikin goma na mamatanta ƙona su ake yi, sannan ki auna darajar a ce akwai lambar wayar da za a kira da tsakar dare, wanda zai ɗauka kuma ya san ana kwantar da mamaci a kan gefen dama, fuska na kallon alƙibla.

Na taɓa tsayawa sallar jana'iza a masallacin nan bayan azahar. Gawa uku aka jera. Wani saurayi daga cikin masu aikin ya sunkuya kusa da wani dattijo da ya rasa matarsa, ya kira shi da kawu, ya gaya masa motar da zai shiga da inda zai tsaya idan an isa kabari, ya riƙe masa takalmi har ya saka. Daga baya na ji cewa gidan nan ne ya suturta mahaifin dattijon shekaru da dama da suka wuce. Wannan shi ne abin da ya bambanta gidan gado da babban kamfani mai rassa ɗari. Suna sallah a sahu ɗaya da mutanen da suke binne wa iyaye, 'ya'yansu makaranta ɗaya. Wanda ya cuci marayu yau, gobe zai haɗu da su a bakin famfon alwala.

Batun kuɗi kuwa, malamanmu na gado sun riga sun yanke shi. Abin da ake cirewa daga dukiyar mamaci kafin a biya bashi, kafin wasiyya, kafin a raba gado, shi ne kuɗin suturarsa: likkafani, wanka, ɗauka da haƙar kabari. Da biyan ladan wannan aiki haramun ne, da ba a ware masa wannan matsayi ba. Kuma kaso mai tsoka na abin da matar ƙaninki ta biya ba aljihun gidan ya shiga ba, kuɗin filin kabari ne. Ƙasa a Landan tsada gare ta, wasu ƙananan hukumomi ma sukan ninka kuɗin ga wanda ba mazaunin yankinsu ba. Tun 2021 doka ta tilasta wa kowane gidan jana'iza a Birtaniya ya kafe jerin farashinsa a fili, don haka tana da damar neman bayanin kowane fam, kuma ba rashin kunya ba ne.

Kawo shi gida fa? Sai an nemi izinin jami'in binciken nan, sannan kamfanonin jirgi kan nemi a zuƙe jinin gawa a ɗura mata sinadarin hana ruɓewa, a rufe ta cikin akwati mai rufin tutiya. Kwanaki su ƙaru, kuɗi ya ninka. Ni dai ba zan so a yi wa ɗan'uwana haka ba, alhali akwai maƙabartun Musulmi a can, kamar Gardens of Peace da aka buɗe a unguwar Hainault ta Landan a 2002, inda ake sa mamaci da likkafaninsa ba akwati, a jera katako a kansa kamar yadda muke jera itace.

Wani abu kuma da nake so Kawu ya ji. Mu ma muna da gidajen da suka gaji wannan aiki, ba mu dai biyan su ne. A farkon 2025 BBC ta ba da labarin wani iyali a maƙabartar Tudun Wada da ke Kaduna, waɗanda iyayensu suka fara haƙar kabari tun shekarun 1970, 'ya'ya suka gada, sama da shekara 50 ba albashi, sai abin da masu rakiyar gawa suka jefa musu. Sai gab da fitowar labarin ƙaramar hukuma ta sa su cikin masu ɗaukar albashi. Wannan ya fi damuna a kan takardar kuɗin Landan.

Ki kira matar ƙaninki, Hajiya. Tana takaba a ƙasar da ba dangi, kuma ita kaɗai ta yi ta sa hannu a takardun nan. Ki tambaye ta ko da sauran bashin jana'izar, idan akwai ku haɗa ku tura mata. Ki karɓi sunan maƙabartar da lambar kabarin ki rubuta ki ajiye saboda 'ya'yansa. Idan kuma kuna da wasu 'yan'uwa a can, ki ce su tambaya a masallacin unguwarsu ko akwai asusun jana'iza da ake zuba wa kuɗi duk shekara, su sa sunansu tun suna da lafiya.