Farar Shadda da Duhun Fuska a Hoto

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk ranar Sallah ni nake ɗaukar 'yan gidanmu hoto da wayata bayan an sauko daga Idi, amma sai in ga farar shaddar Babanmu ta fito tas, fuskarsa kuwa ta yi duhu har ba a ganin idanunsa. Dawakin da na ɗauka a hawan Daushe su ma duk sun fito dishi-dishi. Shin wayar ce ba ta da kyau? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ba na jin laifin wayar ne, domin ko kyamara mai tsada haka za ta yi idan aka bar mata wuƙa da nama. Abin da yake auna haske a cikinta an tsara shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabanta, idan aka gauraya farinsa da baƙinsa, toka-toka zai tashi. Saboda haka idan ta ci karo da babbar riga fara fat a tsakar rana, sai ta ɗauka hasken ya yi yawa ta rage shi, fuska kuma ita ce take shiga duhu. Maganin shi ne ki taɓa fuskar a gilashin wayar kafin ki ɗauka, sannan ki ƙara hasken da yatsa kaɗan-kaɗan har idanu su bayyana.

Lokacin da kika zaɓa ma bai taimaka ba. Kafin a dawo gida daga Idi rana ta riga ta ɗaga, kuma haskenta idan ya sauko daga bisa yana barin inuwa a kwarmin ido, balle ga mai rawani. Ki tsayar da Baba daga cikin bakin zaure yana fuskantar waje, inda haske yake shigowa a tausashe. Gindin darbejiya ba shi da kyau kamar yadda ake zato, domin ranar da take ratsa ganye takan yi wa fuska dabbare-dabbare. In da hali, a jira bayan La'asar.

Batun dawaki kuwa na sauri ne. Hawan Daushe da yamma ake yinsa, ga ƙura ga haske yana ja baya, sai wayar ta daɗe tana shigar da haske, kafin ta gama dokin ya gusa. Masu sana'ar sukan sa lokacin shigar hasken ya zama kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ga doki mai sukuwa, su ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, don cike gurbin hasken, kuma wayoyi da yawa suna ba da damar yin haka a sashen da aka rubuta Pro. Ki guji jawo hoto da yatsu biyu, domin yawanci yanka shi kawai yake yi ya rage masa kyau. Ki nemi wurin tsayuwa da wuri a Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, rana tana bayanki, ki kuma goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi kafin dawakin su iso.