Tambaya da Amsa: Me zan rubuta a takardar tsarin adana bayanan bincike?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a fannin tattalin arzikin noma, ina shirin bincike a kan manoman shinkafa na fadamar Argungu. Masu ba da tallafin da nake nema sun ce sai na haɗa da takardar da ke bayyana yadda zan adana bayanan da zan tattara, da yadda wasu za su amfana da su. Me ake rubutawa a ciki, kuma ba za a ci gumina ba idan na sake su? Daga wani mai karatu a Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan takarda ba ta buƙatar tsawo, amma ina ba ka shawara ka rubuta ta kafin ka taka fadama, domin abin da ka faɗa wa manomi ranar da kuka zauna a bakin gonarsa shi ne zai yanke abin da ya halatta ka yi da amsoshinsa daga baya. Idan ka ce masa kai kaɗai za ka gani, to ka ɗaure kanka. Saboda haka takardar neman izini ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, kuma ta faɗi ƙarara cewa za a ajiye amsoshin inda wasu masu bincike za su gani bayan an cire sunaye. Dokar kare bayanan mutane da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ba mutum damar janye izininsa, don haka ka tanadi hanyar da zai same ka.

Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne hankalina ya fi tashi. A ƙaramin ƙauye, wanda ya noma buhu ɗari biyu kuma yake da shanu arba'in sananne ne ko ba a ambaci sunansa ba, kuma a halin rashin tsaron da ake ciki a sassan Kebbi da Zamfara, irin wannan bayani na iya jefa magidanci cikin haɗari. Ka ba kowane manomi lamba, ka ajiye jerin sunaye da lambobin waya daban a ƙarƙashin kalmar sirri, ka ambaci ƙaramar hukuma maimakon ƙauye, kuma kada ka saki alamar taswirar da wayarka ta ɗauka a ƙofar gidansa.

Sai ma'auni. Manomi zai ba ka amsa da buhu ko tiya, alhali buhun shanshera da na gyararriyar shinkafa ba nauyinsu ɗaya ba. Ka ɗora wasu buhunan a kan sikeli, ka rubuta kilo nawa suka yi, a wace kasuwa da wane wata, a cikin ɗan littafin da ke fassara kowane layi na jadawalinka. In babu shi, kai kanka za ka rikice bayan shekara biyu.

Batun ajiya kuwa, ka yi kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a intanet, kuma ka faɗi wanda zai riƙe su bayan ka kammala karatu.

Tsoron da kake ji na cin gumi yana da dalili, amma ma'ajiya ta gari ta fi aljihunka kare haƙƙinka. Zenodo, ma'ajiyar bayanan bincike a intanet wadda cibiyar binciken kimiyya ta Turai mai suna CERN ke gudanarwa tun 2013, tana karɓar bayanai kyauta, tana ba su lambar DOI (lambar shaida ta dindindin da ake gano aikin bincike da ita a intanet) da ke haɗe da sunanka da ranar ajiya, tana kuma ba ka damar rufe su zuwa ranar da ka zaɓa. Ka rubuta cewa za a buɗe naka bayan ka kare kundinka ka wallafa sakamako, sannan ka nuna wa malamin da ke duba aikinka kafin ka miƙa takardar.